Daga Rabon Sadaka zuwa Neman Haƙƙin Zama: Waiwaye kan Aikin Cocin Katolika a Unguwannin Talakawan Birazil

Ƙasar Birazil ta tashi daga ƙasar manoma ta koma ƙasar mazauna birane cikin abin da bai wuce rayuwar mutum ɗaya ba, domin a 1940 kashi ɗaya cikin uku na jama'arta ma bai cika zama a birni ba, amma kafin 1980 sai ga shi kashi biyu cikin uku sun tare a can, da yawa daga cikinsu kuma fari da rashin gona ne suka koro su daga arewa maso gabas. Biranen ba su tanadar wa waɗannan baƙi masauki ba, saboda haka suka hau duwatsu da gangaren tuddai a Rio de Janeiro, suka shiga fadamun bakin teku a Recife, suka kafa bukkoki da katako da langa-langa da gwangwanin da aka buɗe aka miƙar. Irin waɗannan unguwanni na share-wuri-zauna su ake kira favela, sunan da ya samo asali daga wata bishiya mai ƙaya ta yankin Bahiya, wanda sojojin da suka dawo daga yaƙin Canudos a 1897 suka laƙaba wa tudun da suka sauka a kai a Rio yayin da suke jiran gwamnati ta cika musu alkawari. Cocin Katolika, wadda a lokacin fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar ke bi, ta daɗe tana aiki a waɗannan wurare, amma wanda ya dubi aikin daga 1947 zuwa yau zai ga cewa abin da ya fi sauyawa a cikinsa shi ne amsar tambaya guda: shin mazaunin favela matsala ne da za a gyara, ko kuwa ɗan gari ne mai haƙƙin zama inda yake?

A farkon lamari hukuma da Coci amsarsu ɗaya ce. Dokar gine-gine ta birnin Rio ta 1937 ta haramta yin sabon gini a favela, ta kuma haramta gyara wanda yake akwai, wato dai a bar bukka ta ruɓe don kanta, tunda a ganin masu mulki abu ne na wucin gadi. Da babbar dayosis ta Rio, wato yankin da ke ƙarƙashin ikon babban bishop, ta haɗa hannu da hukumar birnin suka kafa Gidauniyar Leão XIII a 1947, an raɗa mata sunan Fafaroma Leo na 13 ne, wanda wasiƙarsa ta 1891 kan halin da ma'aikata ke ciki ta zama tushen koyarwar Coci game da zamantakewa. Sai dai ba tausayi kaɗai ya haifi gidauniyar ba. A zaɓen majalisar birnin na wannan shekarar jam'iyyar 'yan gurguzu ce ta fi kowace samun kujeru, kuma abin da ake faɗa a fili shi ne gara a hau tudu a sami talakawa tun kafin 'yan gurguzu su sauko da su. Gidauniyar ta kai famfo da wuta da ɗakunan shan magani da makarantu zuwa favela fiye da talatin, kuma duk macen da ta huta da ɗaukar garwar ruwa a ka tana hawan dutse ba za ta raina wannan ba. Amma ma'aikatanta sun shiga unguwannin ne da tunanin cewa sun zo koya wa jahilai tarbiyya, don haka da taimakon da sa ido a kan mutane suka zama abu ɗaya, har daga baya, a farkon shekarun 1960, gwamnati ta karɓe gidauniyar ta mayar da ita wani reshe nata ba tare da an ga wani babban bambanci ba.

Mutumin da tarihin wannan sauyi ya fi bayyana a rayuwarsa shi ne Hélder Câmara, wanda aka haifa a Fortaleza a 1909, kuma a ƙuruciyarsa ya taɓa shiga ƙungiyar Integralista mai ra'ayin riƙau irin na 'yan fasist na Turai, abin da daga baya ya riƙa ambata a matsayin kuskure. Yana mataimakin bishop a Rio aka ɗora masa nauyin shirya babban taron Katolika na duniya da aka yi a birnin a 1955, ya kuwa shirya shi yadda ya ƙayatar da kowa. Bayan an watse ne Kadinal Gerlier na Lyon ta ƙasar Faransa ya ja shi gefe ya tambaye shi dalilin da ya sa ba zai sa wannan baiwa ta tsara al'amura a hidimar talakawan da ke zagaye da birnin ba. A wannan shekarar ya kafa ƙungiyar Cruzada São Sebastião da burin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, wato a gama da matsalar favela kafin birnin ya cika shekara 400 a 1965, sannan a 1959 ya ƙara da Banco da Providência, wata cibiya da ke tattara abin da masu hali suka bayar ta raba wa mabukata.

Burin bai cika ba, amma ya bar abu guda da har yau yake tsaye. A unguwar Leblon, wadda tana cikin wuraren da fili ya fi tsada a duk ƙasar, Cruzada ta gina benaye goma masu hawa bakwai-bakwai, babu na'urar hawa, da gidaje fiye da 900, haɗe da makaranta da majami'a, ta kwaso iyalai daga favelar Praia do Pinto da ke gefe ta zuba su a ciki a kan su riƙa biya kaɗan-kaɗan tsawon shekara goma sha biyar. Hikimar aikin tana cikin zaɓen wurin. Mai wanki da mai dafa abinci da mai gadi da birkila duk a gidajen masu kuɗin Leblon da Ipanema suke samun na sakawa a bakin salati, kuma Câmara ya dage cewa a bar su kusa da inda suke aiki, a lokacin da masu gidajen ke son hannun talaka da safe amma ba sa son ganin ɗakinsa da dare. Duk da haka tsohon halin bai saki aikin ba, domin sai an tantance iyali kafin a ba su gida, ana fifita waɗanda aurensu ke da rajista, an rubuta wa maza da mata da yara ƙa'idojin ɗabi'a, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a na leƙa ɗakuna su ga ko an share. Mai ba da gida shi ne mai faɗa a ji, wanda aka bai wa kuwa nasa godiya ce da biyayya. 

Abin da ya biyo baya ne ya nuna darajar wannan dagewa. Daga 1962 zuwa 1974, da farko ƙarƙashin gwamna Carlos Lacerda sannan ƙarƙashin sojojin da suka yi juyin mulki a 1964, aka yi rusau a favela kusan tamanin, aka kwashe mutane kusan 140,000 zuwa rukunan gidaje irin su Vila Kennedy da Cidade de Deus, masu nisan tafiyar awanni daga wuraren aikinsu. Da yawa sun rasa aikin, sun kasa biyan kuɗin gidan, sun sayar da haƙƙinsu sun koma wata favelar. Ita kuwa Praia do Pinto gobara ce ta cinye ta cikin dare a watan Mayun 1969, gobarar da mazaunanta ba su taɓa yarda cewa tsautsayi ba ne, kuma ba a jima ba aka gina dogayen benaye na masu matsakaicin hali a filin. Benayen Cruzada kaɗai suka tsira, kuma abin da ya tsirar da su shi ne mazaunansu suna da takarda, bukkokin maƙwabtansu kuwa ba su da ita.

Kafin wannan lokaci Cocin kanta ta fara sauya tunani. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Vatikan daga 1962 zuwa 1965 ya buɗe ƙofar cewa damuwar talakawa damuwar Coci ce, kuma ana gab da rufe shi, a watan Nuwamban 1965, wasu bishop kimanin arba'in suka taru a wani tsohon kogon kaburbura a Roma suka ɗauki alkawarin barin manyan gidaje da tufafin alfarma da laƙabobin girma. A 1968 bishop-bishop na Latin Amurka suka taru a Medellín ta Kolombiya suka ce talaucin yankinsu sakamakon tsarin zalunci ne, ba ƙaddarar da za a rungume hannu a kanta ba, sannan a taron Puebla ta Meziko a 1979 aka tabbatar da manufar fifita talakawa, wato a duk shawarar da Coci za ta yanke ta fara duba yadda za ta shafi mafi rauni. Câmara ya zama babban bishop na Olinda da Recife a watan Afrilun 1964, kwanaki kaɗan bayan juyin mulki, kuma daga 1968 ya bar fadar bishop ya tare a 'yan ɗakunan da ke bayan majami'ar Fronteiras, inda shi da kansa yake buɗe ƙofa idan an ƙwanƙwasa. Bayan ambaliyar kogin Capibaribe ta 1965 ya kafa shirin Operação Esperança, wanda ya fara da agaji ya ƙare da tsara mazauna unguwanni su riƙa magana da bakinsu. Ya sha nuna cewa mai ciyar da talaka yabo yake samu, amma mai tambayar dalilin yunwar sai a kira shi ɗan gurguzu, kuma abin da ya same shi ya gaskata hakan, domin a watan Mayun 1969 aka sace ɗaya daga cikin limamansa, Fada Antônio Henrique Pereira Neto, aka azabtar da shi aka kashe, kuma bayan ya fallasa azabtar da fursunoni a wani jawabi a Paris a 1970 aka hana kafofin yaɗa labaran ƙasar ambaton ko da sunansa.

Sabon salon ya fi fitowa fili a ƙananan ƙungiyoyin masu bi da ake kira CEB a taƙaice, wato taron 'yan unguwa goma sha ko ashirin da wani abu, waɗanda ke haɗuwa a ɗakin wani ko a rumfa, sau da yawa babu limami, mace ce ma ke jagora. Sukan bi matakai uku da suka gada daga limamin Beljiyam Joseph Cardijn, wato a duba, a auna, a aikata. Za a fara da abin da ya faru a makon, kamar yaron da gudawa ta kashe ko motar haya da ba ta isowa unguwar sai ta cika, sai a karanta wani yanki na Littafi Mai Tsarki a tambayi abin da yake cewa game da hakan, sannan a tashi da shawarar wanda zai rubuta takardar koke da waɗanda za su raka ta ofishin hukuma. A zamanin da soja suka rufe bakin jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, rumfar coci ce kusan kaɗai wurin da talakawa za su taru ba a tarwatsa su ba. A São Paulo, Kadinal Paulo Evaristo Arns ya sayar da fadar babban bishop a 1973 ya sayi filaye a bayan gari don a gina zaurukan taro, kuma daga ƙungiyoyin iyaye mata na kudancin birnin ne aka haifi gangamin yaƙi da tsadar rayuwa, wanda a 1978 ya tattara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya. Matan da suka fara da koyon ɗinki a harabar coci su ne suka ƙare da lissafa wa gwamnati farashin wake da shinkafa.

A Rio kuwa gwajin ya zo ne a Vidigal, favelar da ke kan tudu tana kallon teku. A ƙarshen 1977 hukuma ta sanar da mazauna cewa za a kwashe su zuwa Santa Cruz mai nisa saboda haɗarin zaizayar ƙasa, alhali akwai shirin gina gidajen alfarma a wurin. Sashen kula da favela na dayosis, wanda aka kafa a wannan lokacin, bai kawo buhun abinci ba, lauyoyi ya kawo, ciki har da Sobral Pinto da Bento Rubião, suka samo umarnin kotu da ya dakatar da rusau. Abin lura shi ne Kadinal Eugênio Sales da ya tsaya wa wannan aiki mutum ne da aka sani da ra'ayin mazan jiya, wanda hakan ke nuna cewa zancen haƙƙin zama ya riga ya wuce rigimar ɓangarori a cikin Coci. Da Fafaroma John Paul na 2 ya hau Vidigal a ranar 2 ga Yulin 1980 ya cire zobensa ya bar wa jama'ar, zancen tashin unguwar ya mutu. A Recife ma Hukumar Adalci da Zaman Lafiya ta dayosis, wadda irinta ke aiki a dayosis-dayosis na Najeriya, ita ce ta zauna da ƙungiyoyin unguwanni suka tsara daftarin da ya zama dokar PREZEIS a 1987, wadda ta kare unguwannin talakawa daga masu cinikin filaye ta kuma ba mazauna kujera a inda ake yanke shawarar gyara su. Shekara guda bayan haka kundin tsarin mulkin 1988 ya tanadi cewa wanda ya zauna shekara biyar a filin birni da bai wuce murabba'in mita 250 ba, ba tare da an yi jayayya ba kuma ba shi da wani gida, yana iya zama mai shi, banda filin gwamnati. Idan aka auna, wannan gado na doka ya fi benayen Leblon goma nauyi, domin bene yana ɗaukar wanda aka zaɓa ne kawai, doka kuwa kowa na iya riƙe ta ya shiga kotu.

Ba a bar aikin jinƙai na kai-tsaye ba, amma shi ma ya sauya hannu. A 1983 likitar yara Zilda Arns, ƙanwar Kadinal Arns, ta fara shirin kula da yara na Pastoral da Criança a garin Florestópolis na masu yankan rake, inda jarirai 127 cikin kowane 1,000 ke mutuwa, kuma cikin shekara guda adadin ya sauko zuwa 28. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: wani cokalin roba mai baki biyu, ƙarami na gishiri babba na sukari, don haɗa ruwan da ke ceton yaro mai gudawa, da sikeli da ake ratayewa a reshen bishiya ko a azara sau ɗaya a wata a auna yara ana waƙa da rabon abinci, da littafin da ake rubuta nauyin kowane yaro. Masu riƙe da littafin maƙwabta ne, matan da su ma a unguwar suke kwana, waɗanda ke shiga ɗaki su zauna a bakin gado su tambayi uwa ko nono na zuwa. Shirin ya bazu zuwa unguwannin birane a duk faɗin ƙasar har da ƙasashen waje, kuma a kan wannan aiki ne girgizar ƙasar Haiti ta rutsa da Zilda Arns a ranar 12 ga Janairun 2010.

Daga tsakiyar shekarun 1980 guguwar ta lafa. Fadar Vatikan ta fitar da gargaɗi a 1984 game da tauhidin 'yantarwa, wato koyarwar da ke fassara addini ta fuskar kuɓutar da waɗanda ake zalunta, tana ganin ya sha ruwan Markisanci da yawa. Câmara ya yi ritaya a 1985, magajinsa ya wargaza da yawa daga abin da ya gina, a 1989 aka rufe cibiyar koyar da tauhidi ta Recife, kuma a wannan shekarar aka yanka dayosis ɗin São Paulo gida biyar aka raba Arns da yawancin unguwannin bayan gari. Amma ɗora laifin duka a kan Roma sauƙaƙa lissafi ne. Da mulkin farar hula ya dawo, shugabannin da CEB ta horar sun koma jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, gwamnati kuma ta ɗauki wani ɓangare na nauyin ta hanyar shirye-shirye irin su Bolsa Família na 2003 mai ba iyalai matalauta kuɗi kowane wata. A gefe guda majami'un Fentikostal suka cika lunguna, suna buɗewa a shago ko gareji, faston ɗan unguwa ne kuma ana samunsa da tsakar dare, suna kuma magana kai-tsaye a kan abin da ke ci wa mace tuwo a ƙwarya a daren nan, wato miji mashayi da ɗan da masu sayar da ƙwaya suka ja, yayin da taron CEB ke maganar tsarin da gyaransa sai an shekara ashirin. Ƙidayar 2010 ta nuna Katolika sun sauko zuwa kashi 64.6 cikin 100, ta 2022 kuma kashi 56.7, kuma a unguwannin talakawa ne zaizayar ta fi yawa.

Ƙidayar 2022 ɗin ta sami mutum miliyan 16.4 a favela fiye da dubu goma sha biyu, kuma hukumar ƙididdiga, wadda ta shafe shekaru tana kiran waɗannan unguwanni da wani laƙabi mai nuna cewa sun gaza ƙa'ida, ta koma kiran su da sunan da mazaunansu ke kira. Rusau bai ƙare ba, an ma sake ganin sa gabanin gasar cin kofin duniya ta 2014 da wasannin Olamfik na 2016, amma yanzu sai hukuma ta nemi hujja ta kuma shirya wa shari'a. Mutanen da ake kallo yau kamar yadda aka kalli mazaunan Praia do Pinto su ne masu kwana a titi, kuma a wajensu ne ragowar wancan salon ya fi motsi. A farkon 2021 hukumar birnin São Paulo ta dasa duwatsu masu tsini a ƙarƙashin wata gadar sama don kada kowa ya shimfiɗa kwali ya kwanta, sai Fada Júlio Lancellotti, limamin wata majami'a a unguwar Mooca da ke raba wa marasa gida karin kumallo kowace safiya, ya ɗauki guduma yana da shekara 72 ya je ya fara farfasa su. Hoton ya zagaye ƙasar, hukuma ta kwashe duwatsun, kuma a watan Disamban 2022 majalisar tarayya ta tsallake ƙin amincewar shugaban ƙasa ta kafa dokar da ta haramta irin wannan gini a wuraren jama'a, aka sa mata sunansa. Gadar da abin ya faru a ƙarƙashinta tana ɗauke da sunan Dom Luciano Mendes de Almeida, wani bishop da ya yi shekaru yana aiki da yaran titi a wannan ɓangare na birnin.